Tsofaffin littattafan binciken kisa da finafinan dodo: da gaske suna da daraja, ko zuzutawa ce kawai?

Wani matashi daga unguwar Hindawiyya a Jidda ya aiko da tambaya. Ya ce kawunsa ya ishe shi da cewa labaran da sun fi na yanzu, shi ya sa ya shiga kantin littattafai na Jarir ya sayi littattafan Agatha Christie guda biyu na fassarar Larabci, na kisan Roger Ackroyd da na kisan da aka yi cikin jirgin ƙasa na Orient Express. Ya karanta, ya ji mutanen ciki ba jini a jikinsu. Ya nemi Godzilla na 1954 ya kalla, sai ya ga ƙato ne kawai cikin rigar roba yana tattake gidajen kwali. Shi dai finafinan zullumi na yanzu sun fi riƙe shi. Yana so ya sani: manya ne ke yabon ƙuruciyarsu, ko akwai abin da bai gani ba?

Ƙanena, game da Christie ka faɗi rabin gaskiya, game da Godzilla kuma ba ka yi masa adalci ba. Na daɗe ina koyar da adabi, kuma mizanin da nake auna waɗannan labarai da shi, ko littafi ne ko fim, guda ne: idan an kashe rai a ciki, shin ran nan yana da nauyi, ko an kashe shi ne kawai don labari ya samu abin tafiya? Da wannan mizani za ka ga abin mamaki, domin wadda ta fi kowa gwaninta ita ce ta fi sauƙin nauyi, mai rigar robar kuma shi ne ya fi kowa nauyi.

Ƙorafinka a kan Christie ya girme ka nesa ba kusa ba. A 1945 wani fitaccen manazarcin adabi na Amurka, Edmund Wilson, ya rubuta maƙala a mujallar New Yorker wadda takenta kansa gatse ne, yana tambayar wa ma ya damu da wanda ya kashe Roger Ackroyd. Kafin nan, a ƙarshen 1944, Raymond Chandler, marubucin labaran binciken kisa na Amurka, ya yi wa irin waɗannan littattafai na Ingila kaca-kaca, ya ce marubutansu ba su san yadda ake kisa a duniyar gaske ba, ya kuma yi wa warwarar labarin Orient Express ba'a ta musamman. Ina tare da su a nan. A yawancin littattafanta, ana tsintar gawar attajiri a ɗakin karatunsa, bayan shafi biyu 'yan gidan sun zauna shan shayi. Ba mai zaman makoki, ba wanda abinci ya gagare shi. Kai da ka taso kana ganin yadda unguwa ke tsayawa cak idan an yi rasuwa, dole wannan ya yi maka banbaraƙwai.

Sai dai ba wannan ta zo sayarwa ba. Littafin Christie dara ce tsakaninta da mai karatu: ta shimfiɗa duk 'ya'yan a gabanka, ba ta ɓoye ko ɗaya a aljihu ba, amma ta cinye ka kana kallo. Tunda ka riga ka karanta na Roger Ackroyd, bari in buɗe shi. Wanda bai karanta ba ya tsallake wannan sakin layi. Littafin ya fito a 1926, kuma mai ba da labarin, Likita Sheppard, shi ne makashin. Koma daren da ya ziyarci Ackroyd. Ya gaya maka an kawo wasiƙa ƙarfe tara saura minti ashirin. Ya gaya maka ya fita daga ɗakin tara saura minti goma, ba a gama karanta wasiƙar ba. Ya ce ya tsaya hannunsa a kan marfin ƙofa, ya waiwaya yana tunanin ko akwai abin da ya bari bai yi ba. Babu ƙarya ko ɗaya a cikin wannan. Minti goman da ke tsakani ne kawai bai ce komai a kansu ba, kuma a cikinsu ya soke mutumin. Karatun farko ka ɗauka likita ne mai damuwa da abokinsa, karatu na biyu ka ga makashi ne ke duba ko ya bar sawu. Jimla ɗaya, fuska biyu. Wanda ya taɓa gwada rubuta labari ya san wannan ba aikin yini ɗaya ba ne.

A nan akwai abin lura ga mu masu karanta ta da Larabci. Tsofaffin bugun aljihu na Beirut da Alƙahira da muka taso da su, da yawansu an taƙaita su, mai fassara ya yanke abin da ya ga kamar surutu ne. To a wurin Christie, surutun nan shi ne inda take binne alamominta. Idan an yanke jimlar da mai aiki ta ce ta ga taga a buɗe, ƙarshen littafin zai zo maka kamar an yi maka fashi. Fassarorin baya-bayan nan sun fi cika, amma in ka tsinci tsohon bugu siriri a wurin masu gwanjon littattafai, ka san ba duka aka ba ka ba.

Wasan yana da dokoki, har an rubuta su. A 1929 wani limamin Katolika marubuci, Ronald Knox, ya jera guda goma. Daga ciki: dole a ambaci mai laifin tun farkon labari, ba a yarda da aljani ko tsafi ba, ba a yarda da gubar da kimiyya ba ta sani ba, ba a yarda jami'in binciken ya gano gaskiya ta hanyar sa'a ko jin jiki kawai ba, kuma kada a fito da tagwaye kwatsam a ƙarshe. Christie ta riƙe ta guba sosai, don ta yi aikin haɗa magunguna a asibiti lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Waɗannan dokoki su ne abin da nake so marubutanmu na Hausa su duba. Sau nawa ka karanta labarin da aka ƙulla makirci shafi ɗari uku, sannan aka warware shi da kishiya ta haukace tana tona wa kanta asiri, ko malam ya yi istihara ya gani a mafarki? Mai karatu bai samu damar yin komai da kansa ba, zama kawai ya yi har aka gaya masa.

Ba mu kaɗai ba ne kuma. A cikin Dare Dubu da Ɗaya akwai labarin tuffa uku, wanda masana da yawa ke lissafawa cikin tsofaffin labaran binciken kisa. Masunci ya jawo akwati daga kogin Dijla, aka buɗe aka ga gawar wata mace an daddatsa. Halifa Haruna Rashid ya ba waziri Ja'afar kwana uku ya kawo makashin ko a rataye shi. Me Ja'afar ya yi? Ya koma gida ya zauna. Mijin matar ne ya fito da kansa ya amsa laifi, ya ce ya je har Basra ya samo mata tuffa uku tana ciwo, sai ya ga ɗaya a hannun wani bawa da ya ce masoyiyarsa ce ta ba shi. Bayan ya kashe ta ne ɗansa ya gaya masa shi ya ɗauki tuffar, bawan ya ƙwace. Aka sake ba Ja'afar kwana uku ya nemo bawan, ya sake zama, sai da yana sallama da ƙaramar 'yarsa ya ji tuffar a aljihunta, ashe bawan nasa ne. A ma'aunin Knox wannan labari ya faɗi warwas. A nawa mizanin kuwa ya fi rabin littattafan Christie, don kukan mijin nan bayan ya gane abin da ya aikata yana bin mutum.

Su Chandler da suka yi suka, su ma da nasu. Shi ya iya sa ka ji warin titi da ruɓewar masu kuɗi, amma ƙullinsa kwance yake. Lokacin da ake mayar da littafinsa The Big Sleep fim, wanda ya fito a 1946, masu shirin sun aika suna tambayarsa wa ya kashe direban gidan attajirin da ke cikin labarin, ya amsa cewa shi ma bai sani ba. Christie ba za ta taɓa yin wannan sakaci ba. In kana son inda ta haɗa biyun, nemi Five Little Pigs na 1942. An kashe wani mai zane shekara goma sha shida da suka wuce, matarsa ta mutu a kurkuku, 'yarsu ta girma ta zo wurin Poirot, jami'in binciken da Christie ta ƙirƙira, tana so ta san ko uwarta ce da gaske. Mutum biyar suka ba da labarin rana ɗaya, kowa da abin da ya gani da abin da ya ƙi gani. A nan mutuwar ta ci rayuwar kowa, kuma a ganina shi ne mafi kyawun abin da ta rubuta. Death on the Nile na 1937 kuwa, ƙullinsa na gwani ne, amma ka lura da abu ɗaya: jirgin ruwan ya taso daga kusa da Aswan ya haura kogin Nilu har Wadi Halfa a Sudan, duk tsawon tafiyar nan mutanen ƙasar ba su wuce yara masu bara da masu tallar tsaraba da ma'aikatan jirgi marasa suna ba. 'Yan'uwanmu na Sudan da suka karanta shi sun san abin da nake nufi.

Labaran zullumi da ka fi so ba zan daɗe a kansu ba, don ba ka buƙatar a lallashe ka. Mai shirya finafinai Alfred Hitchcock ya bayyana sirrinsu da misali ɗaya: mutum biyu na hira a tebur, bam ya tashi, mai kallo ya firgita na 'yan daƙiƙoƙi. Amma in an nuna masa bam ɗin tun farko da agogonsa yana tafiya, hirar banzar nan za ta hana shi numfashi na minti goma sha biyar. Ka ga kishiyar Christie ke nan, ita tana hana ka sani, shi yana ba ka sani ya hana ka ikon yin komai. The Day of the Jackal na Frederick Forsyth, 1971, ya kai wannan ƙarshe. Labarin ɗan kwangilar da aka ɗauka ya harbe shugaban Faransa Charles de Gaulle ne, alhali duk mai karatu ya san de Gaulle ya mutu a gidansa a 1970. Duk da haka ba ka iya ajiyewa, saboda yadda ake samo fasfo na jabu da yadda ake ƙera bindigar da za ta ɓuya cikin sandar gurgu. Abin da nake ƙi a na yanzu shi ne sun ɗauka gudu shi ne zullumi: mota ta kife, a yanka hoto kowane daƙiƙa biyu, jarumi ya kashe mutum arba'in bai ko yi tuntuɓe ba. Gwada The Wages of Fear na Faransa, 1953, mutum huɗu da manyan motoci biyu ɗauke da sinadarin da girgiza kaɗan ke tayarwa, suna rarrafe a kan muguwar hanya. Ko fim ɗin nan na Saudiyya, Mandoob, na Ali Kalthami, 2023, a kan mai kai saƙon abinci da dare a Riyad wanda rashin kuɗi da ciwon uba suka tura shi cikin abin da ya fi ƙarfinsa. Duk wanda ya taɓa yin aikin mandub, wato kai saƙo, ko yake da ɗan'uwa a ciki, gabansa zai faɗi ba tare da an harba harsashi ba.

Yanzu ga inda na ce ba ka yi adalci ba. Na fahimci dalilinka. An sake buɗe gidajen sinima a nan Saudiyya a Afrilun 2018 bayan fiye da shekara talatin a rufe, don haka dodon farko da tsararku suka gani a babban allo na kwamfuta ne, kowane ɓawon fatarsa a fili. Kawunka kuwa a kaset na bidiyo ya gani, a ƙaramar talabijin. Gaskiya ne Godzilla na 1954 mutum ne cikin riga, Haruo Nakajima sunansa, kuma rigar farko ta kai kusan kilo 100. Kukan dodon ma ba na dabba ba ne, mai kiɗan fim ɗin, Akira Ifukube, ya sa aka goga safar hannu ta fata mai ƙaro a kan tsirkiyar wata babbar garayar Turawa, aka rage saurin sautin. Amma ka kalli rigar, ba ka kalli shekarar ba.

Shekara tara ke nan da jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima da Nagasaki, da kuma daren Maris 1945 da jiragen Amurka suka ƙona Tokyo, mutum wajen 100,000 suka mutu. Har zuwa 1952 Japan tana ƙarƙashin mamayar Amurka, ana tace abin da za a faɗa a kan bam ɗin. Sai a ranar 1 ga Maris 1954 Amurka ta gwada bam ɗin haidurojin a tsibirin Bikini, tokarsa ta zubo kan wani jirgin kamun kifi na Japan mai mutum 23. Duk suka kamu da ciwon tururin nukiliya, mai kula da rediyon jirgin ya rasu a watan Satumba, mutane suka ƙaurace wa kifi a kasuwa. A watan Nuwamba Godzilla, wanda Ishiro Honda ya shirya, ya fito, kuma da me ya buɗe? Da jirgin ruwa a teku, ma'aikata na hutawa, haske ya walƙa, jirgi ya kama da wuta. Babu ɗan Japan ɗin da ya zauna a sinima ranar da bai san abin da ake nuna masa ba.

Sake kallon daren da dodon ya shiga Tokyo, ka bar gine-ginen, ka dubi ƙasa. Akwai wata uwa a rakuɓe jikin bango, wuta ta kewaye ta, ta rungume 'ya'yanta tana ce musu saura kaɗan su je wurin babansu. Ba a gaya maka yadda uban ya mutu ba, ba a buƙata. Da gari ya waye an nuna asibiti, mutane kwance a ƙasa, likita ya kara na'urar auna tururin nukiliya a jikin wani yaro, na'urar ta yi ƙara, ya dubi wadda ke kusa da shi bai ce uffan ba. Sannan 'yan mata 'yan makaranta suna rera addu'ar zaman lafiya a talabijin. Masanin da ya ƙirƙiro makamin da zai kashe dodon, Serizawa, wanda yaƙi ya ci masa ido ɗaya, ya ƙi bayarwa da farko don ya san 'yan siyasa za su mayar da shi wani bam. Da ya yarda, sai ya ƙona takardunsa, ya nutsa da makamin, ya yanke igiyarsa da kansa don kada ilimin ya rayu. Ba a tafa hannu a ƙarshen fim ɗin nan. Ka tabbata dai na Japan ka kalla, domin a 1956 Amurkawa sun yanka shi, sun cusa ɗan wasansu Raymond Burr a matsayin ɗan jarida, sun rage maganar bam. In ka ga Bature kwance cikin ɓaraguzai yana ba da labari tun farkon fim, to wancan ne.

Kwatanta wannan da Godzilla vs. Kong na 2021. An rushe Hong Kong cikin fitilu masu launi, benaye suna zubewa, ba a nuna maka gawa ɗaya ba, ba uwa, ba asibiti. Mutum dubu nawa ke cikin benayen? Fim ɗin bai tambaya ba, kuma ba ya so ka tambaya. Marubuciyar Amurka Susan Sontag ta hango wannan tun 1965, ta rubuta cewa irin waɗannan finafinai suna mayar da halaka abin sha'awar ido, suna saba wa mutane da abin da bai kamata a saba da shi ba. A cikinmu nan Jidda akwai waɗanda suka baro Khartoum da Wad Madani bayan yaƙin da ya ɓarke a 2023. Tambaye su yadda rushewar gari take, ka ji ko akwai kiɗa a bayanta.

King Kong na 1933 kuwa ina yaba aikin hannunsa fiye da zuciyarsa. Willis O'Brien ya yi amfani da ɗan mutum-mutumin da bai kai kamu biyu ba, ya motsa shi kaɗan ya ɗauki hoto, ya sake motsawa, hoto 24 kafin a samu daƙiƙa ɗaya, har birin ya samu hali, yana wasa da muƙamuƙin dabbar da ya kashe don ya ga ko ta mutu. Amma yadda aka nuna baƙaƙen mutanen tsibirin da aka kamo birin, suna tsalle suna miƙa mace hadaya, suna tayin musayar matansu shida da Baturiya ɗaya, abin kunya ne. Kuma baƙon da aka kamo daga ƙasarsa, aka ɗaure da sarƙa, aka tsallaka teku da shi don a yi kuɗi, bai kamata wannan hoto ya wuce mu ba mu gane shi ba.

Kada ka ɗauka ina cewa na da ne kaɗai ke da kyau, nan kawunka ya wuce gona da iri. A cikin finafinan Godzilla na shekarun 1960 da 1970 akwai shirme tsantsa, har rawa dodon ya taka. A na baya-bayan nan kuma akwai masu nauyi. The Host na Bong Joon-ho, 2006, ya samo asali daga abin da ya faru da gaske a 2000, da aka tuttular da sinadarin adana gawa daga sansanin sojan Amurka zuwa magudanar da ke shiga kogin Han a Seoul, kuma labarin talakawan gida ɗaya ne masu neman 'yarsu alhali hukuma ta mayar da su abin zargi. Fim ɗin da ake kira Shin Godzilla, na 2016, ya zo bayan girgizar ƙasa da bala'in Fukushima na 2011, rabinsa taron ministoci ne ana jiran sa hannu dodo na cin gari, abin dariya mai ɗaci. Godzilla Minus One na Takashi Yamazaki, 2023, wanda ya ci kyautar Oscar ta fasahar hoto, ya koma Tokyo ta bayan yaƙi, da matuƙin jirgin ƙunar baƙin wake da ya ƙi mutuwa yana fama da kunyarsa. Ya kusa kamo na 1954. Inda ya gaza shi ne minti biyar na ƙarshe: matar da muka ga iskar fashewa ta share a unguwar Ginza ta Tokyo, muka yi makokinta tare da jarumin da ƙaramar yarinyar, sai ga ta a gadon asibiti da bandeji tana raye. An ɗan sa mata baƙin tabo a wuya don a ce akwai sauran magana, amma Honda bai dawo da Serizawa daga ƙarƙashin teku ba.